Jan Akwati da Rular Tafinta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ya gama goge tebura, za ka ji motsin makulli a ƙofar ɗakin kwamfuta. Ita ce. Ta ɗora fulas ɗin shayinta a kan tsohuwar firintar da ta mutu tun shekara goma, wadda ta hana a jefar saboda tsayinta ya yi daidai da hannunta. Ta cire tabarau ɗaya ta sa wani, ta kunna kwamfuta, sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da rula. Rular katako ce irin ta 'yan firamare, lambobinta sun goge daga takwas zuwa sha ɗaya, a gefe guda kuma akwai shatin haƙori da ta ce na jikarta ne, mu kuwa ba mu yi musu ba.

Tafinta muke ce mata a ofis. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya, kuma ni aka ce zan gaji aikinta. Tun da aka faɗa mini haka abinci ya rage daɗi a bakina, don akwai abin da na taɓa aikatawa a kan teburin nan, shekara shida ina ɓoye shi. Na yanke shawarar in faɗe shi da bakina a cikin wannan jinjina, tunda ita dai na ga alamar da shi za ta tafi gida.

Bari in fara da aikin. Mu masu gwada ruwan sha ne. Famfunan unguwa ashirin da huɗu ne a hannunmu. Kowane wata a ɗebo ruwansu a kwalabe, a gwada, ni in haɗa alƙaluma in rubuta rahoto. Rahoton shafi goma sha takwas ne, kuma ina iya rantsuwa ban da ni babu mai karanta shi. Oganmu mutumin kirki ne, amma shafi ɗaya tak yake buɗewa, wato jadawalin nan mai sanduna ashirin da huɗu a jere. Kowace sanda famfo ɗaya ce, tsayinta kuma yawan ruwan da ake ɗiba a wurin. Idan ruwan wani famfo ya faɗi gwaji, sai a zana jan akwati a kewaye sandarsa. Oga ya duba inda akwatin ya sauka, ya kira Direba, ya miƙa masa kwaɗo, a je a kulle famfon har sai an gyara. Ka ga ke nan lafiyar cikin mutanen unguwa guda tana rataye a kan wani ɗan akwati da bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Mai karatu zai ce, to zana akwati ma aiki ne? Ni ma haka na ce da farko. Matsalar ita ce kwamfuta ba yare ɗaya gare ta ba. Yaren da muke lissafi da shi tsoho ne, gwani ne a alƙaluma, amma in ka ce ya yi maka zane sai ya fito da abin da za ka ji kunyar nuna wa baƙo. Manhajar da ta iya zane mai kyau kuwa da wani yare daban aka rubuta ta, ba ta jin namu ko kaɗan. Dole a sami mai tsayawa a tsakani, ya karɓi magana daga wannan ya miƙa wa waccan yadda za ta gane. Aikin da matar nan ta fi shekara ashirin tana yi ke nan, kuma daga nan sunan ya samo asali.

Yarukan biyu kuma ba sa shiri. Namu in zai kwatanta akwati sai ya faɗi kusurwa ɗaya da kusurwar da ke fuskantarta. Manhajar zane ita kuma kusurwa ɗaya take so, sai faɗi da tsayi. Wani ƙwararre da aka taɓa gayyatowa, mai jakar fata da wayoyi uku, ya miƙa wa manhajar kusurwa ta biyu a matsayin faɗi. Akwatin da ya fito ya haɗiye famfo goma sha ɗaya, har ya leƙa wajen takarda. Oga ya duba, ya cire hularsa, ya tambaya a hankali ko kwaɗo nawa ne a sito. Tafinta ta jira ƙwararren ya fita amsa waya ta biyu, ta gyara layi ɗaya, ya dawo ya tarar akwatin ya koma daidai, ya yi mana bayani na minti ashirin a kan yadda ya gyara shi.

Akwai kuma ranar ƙwai. Baƙi za su zo, Oga ya ce a kewaye masa famfon da ya fi kowanne tsafta da koriyar da'ira don ya yi tinƙaho. Mai kwalabe, wato abokin aikinmu na ɗakin gwaji, ya ce shi ma ai ya ɗan taɓa kwamfuta. Ya umarci manhajar ta yi da'ira, ta ce ta yi, amma babu komai a jadawalin. Ya sake, ta sake cewa ta yi. Sau tara. Da Tafinta ta zo sai ta ce masa ya ɗinka riga ne ya bar ta a kan keken ɗinki, bai sa wa kowa ba. Ita manhajar nan sai ka ce mata yi siffa, sannan ka sake ce mata ɗora ta a kan jadawali, in ba haka ba za ta riƙe abinta ta yi shiru. Mijinta tela ne, shi ya sa duk bayaninta daga shagon ɗinki yake fitowa. Aka ɗora da'irar, sai ga ta ta fito dogon ƙwai, don taku ɗaya zuwa sama da taku ɗaya zuwa gefe ba tsayinsu ɗaya ba a jadawalin. Baƙin sun riga sun shigo. Ɗayansu ya nuna da biro ya tambayi Oga ma'anar ƙwan, Oga kuwa ya gyara murya ya ce alamar albarka ce. Kafin a kawo lemo Tafinta ta daidaita awon, ta sake bugawa, ta musanya takardun ba wanda ya lura.

Tafinta, ke ce mai gyara a ɓoye ki bar wani da tafi. Ke ce wadda injuna biyu masu taurin kai suke saurara wa, alhali ba sa sauraron juna. Shekara talatin da ɗaya sunanki bai taɓa fitowa a bangon rahoto ba, kuma ko sau ɗaya ban ji kin tambayi dalili ba.

Amma abin da muka fi saninta da shi, kuma muka fi yi mata dariya a kai, shi ne ƙirga. Duk wata, in ta gama zana akwati, ba ta yarda da abin da ta gani a allon kwamfuta. Sai ta buga shi a takarda. Ta riƙe takardar ɗakin gwaji mai rubutun hannu a hagu, rula a dama, ta ɗora bakin rular a kan sandar farko ta fara: ɗaya, biyu, uku, da ƙarfi, har ta kai kan akwatin. In lambar da bakinta ya faɗa ta yi daidai da ta takardar gwaji, sai ta sa hannu. Mun sha gaya mata ai ga lambobi nan rubuce a ƙarƙashin sandunan. Amsarta kullum ɗaya ce: su ma lambobin kwamfuta ce ta rubuta su. Mai kwalabe yakan kwaikwaye ta a lokacin shan shayi, yana ƙirga cokula. Ni ne mai dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi.

To ga abin da na aikata.

Shekara shida da suka wuce 'yarta ta haihu, haihuwar ta ɗan zo da wahala, Tafinta ta ɗauki hutun kwana uku tana jinyarta a asibiti. A rana ta uku da yamma sakamako ya fito: famfo na bakwai ya faɗi gwaji, faɗuwa kuma ba ƙarama ba. Mai kwalabe ya ce a kira ta. Na ce a bar baiwar Allah ta ji da jinya, mene ne abin wahala a akwati? Na yi shekaru ina leƙen kafaɗarta. Na zauna a kujerarta, har na daidaita ta da tsayina. Na ba manhajar kusurwa, na ba ta faɗi da tsayi, na tuna na ce ta ɗora. Da ta tambayi wace sanda, na rubuta bakwai. Jan akwati ya fito tsaf, mai kyan gaske. Na buga, na kai teburin Oga, na tafi gida ina jin kaina. Rular tana cikin aljihun tebur, na gan ta, na mayar da aljihun na rufe.

Abin da ban sani ba shi ne, yarenmu daga ɗaya yake fara ƙirga, kamar kowane mai hankali. Yaren manhajar zane kuwa daga sifili yake farawa. A wurinsa sandar farko ita ce sifili, ta biyu ita ce ɗaya. Ka ce masa bakwai, sai ya tafi kan ta takwas da zuciya ɗaya. Tafinta duk wata takan cire ɗaya da kanta kafin ta miƙa lambar, kuma ta saba har ba ta ma ambata.

Washegari da safe Oga ya buɗe shafinsa, ya ga akwati a kan takwas, ya ba Direba kwaɗo. Direba ya tafi. Minti goma bayan haka sai ga Tafinta ta shigo da fulas, idanunta jajur don rashin barci. Muka yi mata barka. Na ce mata, cikin isa, kada ta damu, an gama komai. Ta ce madalla. Sannan ta yi abin da ta saba: ta buga wani kwafin, ta karɓi takardar gwaji, ta jawo rula. Ina tsaye a kanta ina murmushi. Ɗaya, biyu, uku. Ta kai bakwai, rular ba ta kai akwati ba. Ta ce takwas, ta tsaya. Ta dubi takardar hagu, ta dube ni ta saman tabarau. Ban taɓa jin ɗaki ya yi mini ƙanƙanta kamar ranar ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: “Ƙanena, Direba ya tafi?”

Na ce ya tafi. Aka kira wayarsa, bai ɗauka ba. A duk dokokin tuƙi guda ɗaya ce Direbanmu yake kiyayewa, ita ce ta rashin amsa waya a kan hanya, kuma ranar ya kiyaye ta sosai. Da ba a yi komai ba, famfo mai kyau zai zauna a kulle, na bakwai kuma, wanda ke bakin wata makarantar firamare, a ci gaba da shan ruwansa wata guda cur, har gwaji na gaba.

Matar nan tsoron babur take yi. Kowa ya sani. Takan gwammace ta yi tafiyar rabin awa a ƙafa da ta hau bayan wani. Amma mai gadi ya shaida, kuma har yau yana ba da labarin, cewa ta fito da sauri ta tare mai babur, ta hau, ta runtse ido, hannu ɗaya riƙe da rigar mutumin, ɗayan riƙe da rula, don ta manta ba ta ajiye ba.

Sauran labarin daga bakin Direba na ji. Ya ce ya riga ya danna kwaɗo a famfo na takwas, wanda masu wanki suka dogara da shi. Mata wajen goma sha biyu suka kewaye shi da bokitai, kumfa har gwiwar hannu, suna tambayarsa laifin da famfon ya yi musu. Ya ce umarnin ofis ne. Ɗayarsu ta zauna a kan murfin gaban motar ta ce to ofis ɗin ya zo ya ɗaga ta. Yana cikin tunanin ta inda zai gudu sai ga babur ya tsaya, Tafinta ta sauko tana tangaɗi, ta nuna shi da rula ta ce ya buɗe. Ya buɗe. Ta ba matan haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ta shiga motar, suka nufi na bakwai. Sun tarar da layi, ana gab da tashin yara shan iska. Ita da kanta ta tsaya a gaban famfon ta yi wa mutane bayani, ta sa aka zubar da abin da aka ɗiba, ta nuna musu hanyar na takwas, sannan Direba ya kulle. Ya ce sai da suka kama hanyar dawowa ne ta tambaye shi ko yana da ruwan sha a mota.

Da suka iso Oga ya tara mu. Ya ce yana son ya san wanda ya yi wannan aika-aika. Ni na riga na fara lissafin abin da zan gaya wa matata. Tafinta ta ce, “Yallaɓai, sifili ne.” Ta yi masa bayanin yadda yare ɗaya ke farawa daga ɗaya, ɗayan daga sifili, ta ce laifinta ne da ba ta taɓa rubuta wannan ƙa'ida a inda wani zai gani ba, kuma yau za ta toshe ƙofar. Oga ya juya biro, ya tambaya ko za a iya cire sifilin gaba ɗaya daga kwamfutar. Ta ce za ta duba. Aka tashi taro. Na tsaya a wurin da bakina a rufe, na bar mace mai jinya ta ɗauki kayana a kanta. Na ji kunya a ranar, kuma har yanzu ina ji.

Makon jiya na gaya wa Direba cewa zan tona asirin kaina a rubuce. Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce wane asiri? Matar tana asibiti kwana uku, wa ya rage da zai zana akwatin, mai shara? Kowa ya sani tun ranar, in ban da Oga, wanda bai ma lura ta yi hutu ba. Abin da ya sa ban taɓa jin ko da habaici ba shi ne, da yammacin ranar ta bi tebur-tebur, har ɗakin mai gadi, ta ce duk wanda ya tayar mini da maganar, ita da shi. Shekara shida ina yawo da sirri a ƙirji, ashe ofis ne gaba ɗaya yake riƙe mini shi.

Ke ce kika hau abin da kike tsoro saboda yaran da ba ki san sunan ko ɗayansu ba. Ke ce kika rufa mini asiri sau biyu, na farko a gabana, na biyu a bayana. Yaya, ban taɓa ce miki na gode ba, don in na faɗa sai na faɗi dalili. Yau na faɗi dalilin.

Shekaranjiya sakamakon wannan wata ya fito, na ƙarshe da za a yi tana nan. Famfo na goma sha uku ya faɗi. Ta tashi daga kujerarta, ta koma kan benci da kofin shayi, ta ce bismilla. Mai kwalabe ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, Direba ya leƙo ta taga da kwaɗo a hannu. Na zauna.  Na tuna sifili, ai ko a mafarki ba na manta shi. Na cire ɗaya daga sha uku, na rubuta sha biyu, na duba sau uku. Akwati ya fito tsaf. Na buga. Zuciyata ta ce ai wannan karon babu shakka, kai wa Oga kawai.

Na miƙa hannu na jawo aljihun tebur.

Ɗaya, biyu, uku. Murya ta fito mini siririya, na ƙara mata ƙarfi. Mai kwalabe ya rufe baki da hannu. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Rular ta tsaya a kan akwati. Takardar hagu ta ce sha uku. Na sake ƙirgawa daga farko, sha biyu dai. Ashe tun ranar da ta ce wa Oga za ta toshe ƙofa, ta sa cire ɗayan a cikin umarnin da kansa, ta kuma rubuta gargaɗi a saman shafin da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya sake cirewa. Ni tsoro ya hana ni karantawa, na cire na biyu. Shekara shida da suka wuce na zarce da ɗaya, yau na gaza da ɗaya. Na gyara, na sake bugawa, na sake ƙirgawa, rular ta sauka a kan sha uku.

Na juya na ce mata, Yaya, kin gani ko, ban iya ba, gara a nemo wani.

Ta kurɓi shayi ta ce, “Ni ma sau nawa yake sauka mini a karkace? Kai dai ba ka taɓa kula ba ne in na buga takarda ta biyu. Ba a ce kada ka yi kuskure ba, ƙanena. Ka dai riga Direba ganinsa.”

Daga nan ta tashi ta kwashe kayanta a jaka: tabarau biyu, fulas, hoton jikarta. Rular tana kan tebur. Na ɗauka na miƙa mata. Ta dube ta, ta dube ni, ta rataya jakarta ta ce hannunta ya cika.

Mun gode, Tafinta. Masu wankin famfo na takwas sun gode, duk da ba su san sunanki ba. Yaran da ba su kwanta ciwon ciki ba a wancan watan, yanzu sun zama samari da 'yan mata, ba za su taɓa sanin akwai abin godiya ba, don haka na ari bakinsu. Allah ya sa hutun ya yi albarka, ya kuma ba maigidanki haƙuri, don na ji an ce kin fara ƙirga masa maɓallai kafin ya miƙa riga.

Ku kuma da kuke zaune a gaban injuna, a kowane irin ofis, in allo ya nuna muku abu tsaf mai kyau, ku buga shi, ku ɗora yatsa, ku ƙirga da bakinku kafin wani ya ɗauki kwaɗo. In abokin aiki ya yi tuntuɓe, ku fara gyara ɓarnar kafin ku nemi mai laifi. Daga wata mai zuwa, in kun biyo ta bakin tagar ɗakin kwamfuta kuka ji wani ƙato mai furfura yana ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, ni ne. Ku yi dariyarku, na cancanta. Amma Direba ba zai motsa ba sai na kai ƙarshe.